Ingilishin Kara Da Na Kan Iyaka: Darasi Ga Fataken Shanu

Shugabannin ƙungiya ne suka ce in rubuto ɗan abin da na tsinta na Ingilishi a yawon kara. Ni ba ɗan boko ba ne. Allo na yi a nan Tumbutu, tamu ta ƙasar Malanbil ba ta Mali ba, daga baya na yi Islamiyya har na ɗan taɓa nahawu. Ingilishina na kan hanya ne, a bakin direbobi da mahauta da ma'aikatan kan iyaka na koye shi. Na ce Ingilishi don a wajenmu in ka ce Turanci wani sai ya ɗauka Faransanci kake nufi.

Wani zai ce, to ina ruwan bafatake da Ingilishi, alhali Hausa tana kai mutum Kamba da Lolo, tana kai shi Sabon Badun, har zangon Kumasi? Gaskiya ne tana kaiwa. Amma ma'aikacin da aka turo kan iyaka daga kudu ba lalle ba ne ya ji Hausa, mahaucin Ikko ma haka, takarda kuwa ba ta jin Hausa ko kaɗan. Rasit da Ingilishi, takardar likitan dabbobi da Ingilishi, saƙon banki da ke shigowa waya da Ingilishi. Kuma mun ga yadda hanya take juyawa. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agusta 2019 har zuwa Disamba 2020. A 2023 bayan juyin mulkin Nijar aka rufe gadar da ke tsakaninmu da Gaya, mutane da yawa suka karkata gabas, ta Madikali da Segbana. Wanda ya saba da hanya ɗaya da harshe ɗaya shi ya fi kowa shan wuya a waɗannan lokuta.

Da lissafi zan fara, don nan ne aka fi yanka mu.

Daga ɗaya zuwa goma kowa ya ji su: one, two, three, four, five, six, seven, eight, nine, ten. Sha ɗaya eleven, sha biyu twelve. Daga sha uku ne tarkon yake. Sha uku thirteen, talatin thirty. Sha huɗu fourteen, arba'in forty. Sha biyar fifteen, hamsin fifty. Haka har sha tara nineteen da casa'in ninety. Bambancin duk a wutsiyar kalma yake: na sha-sha suna ƙarewa da "tiin" mai ja, da nun a ƙarshe, na gomiya kuwa "ti" ne gajere, ba nun. A cikin hayaniyar kara, ga kukan shanu ga ƙarar tirela, wa ke jin wannan nun ɗin?

Ni ban ji shi ba. Bayan an karya darajar sefa a Janairun 1994 shanunmu suka yi araha ga masu naira, kowa ya tasar wa kudu. Shekarar da ta biyo baya kawuna ya ba ni bijimai bakwai in kai wata kara a ƙasar Yarabawa. Ƙuruciya ta sa na ga kamar na iya, na kewaye dillalin maigidanmu don kada in biya la'ada, na yi ciniki da wani mahauci ni kaɗai. Ya ba da rabi, ya ce sauran sai bayan kwana kaza. Ni thirteen na ji. Ya rubuta takarda na dangwala hannu ban duba ba. Ranar sha uku na je, ya fito da takarda, ga 30 nan ɓaro-ɓaro. Mutumin bai cuce ni ba, ranar talatin ya biya ni cif. Amma na zauna wata guda ina cin guzuri, kuɗin da kawu yake jira ya sayi ragunan layya bai iso ba sai bayan Salla. Da na dawo bai yi mini faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Ɗana, la'adar da ka ƙi biya nawa ce?" Har yau ina jin wannan tambaya.

Maganin abin mai sauƙi ne. In ya faɗi lamba, ka tsinka masa ita ɗaya-ɗaya. Ka ce "One-three or three-zero?" Wato ɗaya da uku ne, ko uku da sifiri? Ko ka miƙa masa waya ka ce "Please write it", don Allah rubuta. Ba abin kunya ba ne, su ma junansu haka suke yi.

Ɗari hundred, dubu thousand, miliyan million. Mu muna cewa dubu ɗari biyu da hamsin, dubu ce a gaba. Su dubun ce a baya, kamar yadda Faransanci yake yi: two hundred and fifty thousand. A kara ba su cika faɗinta duka ba, sai ka ji "two-fifty", ko "two-fifty k", wannan "ke" ɗin dubu ke nan. In ka ji "one point two" a cinikin babban sa, miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu yake nufi.

Sai abubuwa uku da suka shafe mu mu mutanen sefa. Na farko, kada ka kai lissafin dala cikin Ingilishi. Mu in mun ce dala ashirin, tamma ɗari muke nufi, don dala ɗaya tamma biyar ce. In ka fassara ka ce twenty, shi ashirin zai rubuta. Bahaushen Nijeriya ma in ya ji dala, kuɗin Amurka yake tunani. Jaka kuma wajenmu sefa dubu ce, wajensu naira ɗari biyu. Na biyu, rubutun lamba. Ɗan makarantar Faransanci yakan raba dubu da ɗigo ko ya bar fili, ya rubuta 250.000, su kuwa waƙafi suke sawa, 250,000, ɗigo wajensu na gutsuren kuɗi ne. Na uku, ɗayanmu na Faransanci mai ƙugiya a kai, a idon ɗan Nijeriya ko ɗan Gana bakwai yake kama. In kai ne mai rubutawa ka ja ɗaya miƙe kamar alif.

Gaisuwa ba ta da wuya. Good morning da safe, good afternoon daga rana tsaka, good evening da yamma har dare. Good night ba gaisuwar isowa ba ce, sallama ce ta kwanciya, kada ka iso shinge da dare ka ce da ma'aikaci good night. In an ce "How are you?" ka ce "Fine, thank you." A Nijeriya in ka iske mutum yana aiki ana cewa "Well done", daidai da sannu da aiki. Ingilishi ba shi da kai da ke da ku, ba shi da "tu" da "vous". Kowa you ne, yaro da babba, ɗaya da taro. Girmamawa sai a kalmomi: sir ga namiji, madam ko ma ga mace, da please. Mutanen Gana kam ba sa buɗe baki sai da please. Kuma ina gargaɗin masu Faransanci: "demander" wajenku tambaya ce ko roƙo, amma demand a Ingilishi nema ne da gadara. Ka ce ask. "I want to ask you", ina son in tambaye ka.

Sunayen hajarmu. Sa ko bijimi bull, saniya cow, karsana heifer, ana faɗinta "hefa", maraƙi calf, ana faɗinsa "kaf", lam ɗin ba ya fita. Rago ram, tunkiya ewe ko dai sheep, akuya goat. Jam'i galibi da s ake yi a ƙarshe: bull, bulls, cow, cows, ram, rams. Amma shanu a dunƙule cattle ne, ba a sa masa s, shi da kansa jam'i ne, ba a cewa one cattle. Sheep ma ba ya karɓar s, ɗaya sheep, ɗari sheep. A takarda za ka ga forty head of cattle, wato kai arba'in. A bakin 'yan kasuwa kowace dabba cow ce, ko sa ne, saboda haka in wani ya bugo waya ya ce yana son ten cows ka tambaye shi, "Bulls or females?" Farar saniyarmu bunaji a littafinsu White Fulani ce, rahaji Red Bororo, bokolo kuwa Sokoto Gudali.

To yanzu nahawu. Wanda ya zauna gaban malami ya ji fi'ili da fa'ili da maf'uli ya riga ya yi rabin tafiya. Larabci yakan fara da fi'ili, Ingilishi kuwa jerinsa irin na Hausa ne: mai aiki, aiki, abin da aka yi wa aiki. Na sayar da shanu, I sold cattle. Direba ya kawo takarda, the driver brought the paper. Wannan the ɗin shi ne alif da lam ɗinsu, na ma'arifa. A ko an na nakira ne. A bull, wani sa. The bull, san nan da muka sani. Siffa kullum gaban suna take, kamar yadda muke cewa farin sa: white bull, big bull, old cow. Lamirin mallaka ma gaba yake zuwa, saɓanin namu: shanuna my cattle, shanunka your cattle, shanunsa his cattle, shanunmu our cattle.

Lokutan aiki suna da yawa a littafi, amma uku ke riƙe da kuɗinka. Ɗauki pay, biya.

I paid, ko I have paid: na biya.
I am paying: ina biya yanzu.
I will pay: zan biya.

Fi'ilin da ya wuce galibi ed ake ƙara masa: load, loaded, an yi lodi; count, counted, an ƙirga; stop, stopped. Amma kamar yadda Larabci yake da fi'ilai masu illa da ba sa bin ƙa'ida, su ma suna da su, kuma abin haushi su ne waɗanda muka fi bukata. Buy, saya, ya wuce bought. Sell, sayarwa, sold. Bring brought, give gave, take took, come came, go went, see saw. Waɗannan sai hadda, kamar yadda muka haddace tasrifi. Korewa kuma da not ake yi. Ban biya ba, I did not pay, ko I have not paid. Ba zan sayar ba, I will not sell. Ka lura, in did ya shigo, fi'ilin sai ya koma asalinsa: I did not sell ake cewa, ba sold ba.

Nan ne zan daɗe kaɗan, don abin da za ka fi ji a kara ba Ingilishin littafi ba ne, buroka ne, kuma buroka yana da nasa nahawun. "I go pay" zan biya ne, ba na tafi biya ba. "I dey pay" ina biya. "I no pay" ban biya ba. "I never pay" ban biya ba tukuna. Sai babbansu, "I don pay", wanda yake nufin na riga na biya. Wannan don ɗin na buroka daidai yake da ƙad a Larabci, tabbatar da aiki yake yi. Amma a Ingilishin littafi akwai don't, wanda korewa ne, "I don't pay", ba na biya. Kalma biyu, ta'un ƙarshe kaɗai ya raba su, ma'ana kuwa gabas da yamma. Na ga mutum biyu sun kusa dambe a kan wannan, ɗaya yana cewa ya biya, ɗaya yana jin an ce ba za a biya shi ba. In ka yi shakka ka ce "Paid already, or not yet?" An riga an biya, ko tukuna? Wannan not yet ka riƙe shi, yana da amfani ƙwarai. Haka "I dey come" ko "I am coming": in mai sayenka ya faɗi haka ya juya baya, ina zuwa yake nufi irin tamu, mai iya zama awa uku.

Tambayoyi: what me, who wa, where ina, when yaushe, why don me, how yaya. Nawa kuwa biyu ce wajensu. How much ta kuɗi ce da abin da ba a ƙirgawa, how many ta ƙirge ce. "How much is this bull?" san nan nawa? "How many bulls?" bijimai nawa?

Ga yadda ciniki yakan tafi. Na sa mai saye yana buroka-buroka don haka za ka same shi.

Mai saye: Alhaji, how much is this one? Alhaji, wannan nawa?
Kai: Make your offer, sir. Taya, ranka ya daɗe.
Mai saye: It is too small. I will give you six hundred. Ya yi ƙanƙanta, zan ba ka ɗari shida.
Kai: No, thank you. Add something. Albarka, ƙara dai.
Mai saye: How much last? Nawa ne gaskiyarsa?
Kai: Seven-fifty, last price. Ɗari bakwai da hamsin, ba ragi.
Mai saye: Reduce it for me. Rage mini.
Kai: Bring seven hundred. I agree. Kawo ɗari bakwai, na sallama.

Albarka ba ta da takwara a Ingilishi, "No, thank you" ita ce mafi kusa. Kuɗin da na sa misali ne kawai, kada wani ya ce na yanke wa kara farashi.

In shanun sun fi ɗaya, akwai kalma biyu da ba a wasa da su: each, kowane ɗaya, da altogether ko all, gaba ɗaya. Per head ma kowane kai ne. Kafin ka ce I agree ka tambaya, "Each, or altogether?" Ka kuma tambaya, "Who pays the commission?" wa zai biya la'ada, "Who pays for transport?" wa zai biya kuɗin mota. Including har da, excluding ban da.

Bashi. Kowa ya san rabin cinikin kudu bashi ne, mahauci ya yanka ya sayar sannan ya biya, shi ya sa iyayenmu ba sa sayarwa sai ta hannun maigidan kara wanda ya san mahautan garin. A nan Ingilishi ya juya mana baya. Mu mai kuɗi ne yake bin: ina bin ka. Su wanda ake bi ne yake aikin: owe, ana faɗinsa "o". "You owe me" shi ne ina bin ka. "I owe you" kana bi na. In ka fassara daga Hausa kai tsaye ka fara da I, ka ce I owe you a gaban shaidu, to ka ɗora wa kanka bashin da kai ne mai shi. Borrow karɓar rance ne, lend bayarwa, ko da yake a kasuwa za ka ji "borrow me" da nufin ranta mini.

Sai if da when. Hausa "in" ɗaya gare ta: in na sayar zan biya. Ingilishi ya raba. "I will pay when I sell" yana nufin sayarwa tabbas ce, lokaci ake jira. "I will pay if I sell" sharaɗi ne, in bai sayar ba babu alkawari. A ganina duk biyun kada ka karɓa. Ka ce "Give me a date", ba ni rana. On Friday, ranar Juma'a. By Friday, kafin Juma'a ta wuce. Next week mako mai zuwa. Ranakun: Monday Litinin, Tuesday Talata, Wednesday Laraba, Thursday Alhamis, Friday, Saturday Asabar, Sunday Lahadi. Talata da Alhamis suna kama a kunne, "Tiyusde" da "Tazde", ka maimaita masa har ku daidaita. Mai zuwa Gana, kasuwar Tulaku ta Ashaiman ko mayankar Kumasi, ya tuna agogon Gana da Togo yana bayan namu da awa ɗaya. Da Nijeriya da Nijar kuwa agogonmu ɗaya.

Rasit ɗin Nijeriya da Gana kusan ƙira ɗaya gare su. Kalmar receipt ana faɗinta "risit", harafin p ba ya fita. Za ka ga received from, an karɓa daga. The sum of, kuɗi kaza. Being payment for, kuɗin abu kaza. Idonka ya tafi kan waɗannan: deposit, kafin alƙalami, part payment, biyan wani sashe, balance, cikon da ya rage, full payment ko paid in full, an biya duka. In rabi aka ba ka, takarda kuma ta ce paid in full, ka sa hannu, to ka yafe sauran da hannunka. Witness shaida, signature sa hannu, date kwanan wata. Kuɗi a rubuta shi sau biyu, da lamba da kalmomi. Ga jimlar da za ta cece ka: "I will not sign until my brother reads it." Ba zan sa hannu ba sai ɗan'uwana ya karanta. A ko wace kara ba a rasa yaron da ya yi boko.

Yanzu kuɗi ta waya suke tafiya, musamman tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023. "Send me your account number", turo lambar asusunka. "I have sent it", na tura. Kai kuma amsarka, "I have not seen the alert", ban ga saƙon shigar kuɗi ba. Credit kuɗi sun shigo, debit sun fita, pending suna rataye, failed bai tafi ba, reversed an mayar. Hoton rasit da ya nuna maka a wayarsa ba biya ba ne. Ka ce "I will release the cattle when the money enters my account." Zan saki shanu in kuɗi sun shiga asusuna. Ga when ɗin nan ta yi maka aiki.

Mu je kan iyaka. Duwan customs ne, masu duba fasfo immigration, masu duba lafiyar dabba quarantine ko veterinary, a gajarce vet. Iyaka border, shinge checkpoint, kamiyo lorry ko truck ko trailer. Mai ɗan Faransanci yana da riba a nan, don kalmomin takarda da yawa kusan ɗaya ne: certificate, vaccination, document, passport, permit, police. Lafazi kawai ke sauyawa, "siyon" ɗin Faransanci ya koma "shan". Amma monnaie ba money ba ce. Money kuɗi ne, canji change. Yarjejeniyar CEDEAO, wadda su suke kira ECOWAS, ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ya zauna kwana 90 ba biza, in yana da takardun tafiya. Takardar ƙetare iyaka da garke da aka kafa a 1998, sunanta International Transhumance Certificate, ta makiyaya ce masu kiwo, dabam take da takardun shanun sayarwa da ke cikin mota. 'Yan'uwanmu masu takardun Nijar su tuna ƙasarsu, da Mali da Burkina Faso, sun fita daga ƙungiyar a Janairun 2025, su bincika abin da ake nema kafin su taso.

Tambayoyin shinge ba su cika wuce biyar ba.

Where are you coming from? Daga ina? I am coming from Malanville.
Where are you going? Ina za ka? I am going to Ibadan.
What are you carrying? Me ka ɗauko? Cattle, sir. Thirty-two bulls.
Who is the owner? Wa ke da su? I am the owner, ko kuwa, they belong to my uncle, na kawuna ne.
Where are your papers? Ina takardunka? Here they are, sir. Ga su.

In an ce ka biya wani abu, ka ce da ladabi, "What is it for, sir? Please give me a receipt." Na mene ne, a ba ni rasit. In an tsayar da ku an daɗe, "Please sir, the animals have been on the road for two days. They need water." Dabbobin kwana biyu suna hanya, suna bukatar ruwa. Wannan jimla ta sha buɗe mini hanya, don ba wanda yake son a ce sa ya mutu a shingensa.

Akwai tarko ɗaya a nan da ya kama wani yaron ƙanena. Ma'aikaci ya ce masa, "You don't have sick animals?" Wato ba ka da marasa lafiya, ko? Yaro ya amsa irin ta Hausa, i, ba ni da su, ya ce "Yes." A Ingilishi yes ɗin nan yana iya zama i, ina da su. Aka ce a sauke shanu a duba, suka kwana a wurin. Bahaushe yana amsa maganar mai tambaya ne, Bature yana amsa gaskiyar abin: in babu, no ne, ko yaya aka juya tambayar. Saboda haka kada ka amsa da kalma ɗaya. Ka cika jimla: "No, I don't have sick animals", ko "They are all healthy", duk lafiyarsu lau.

Gaban likita: sick mara lafiya, lame gurgu, coughing tari, "it is not eating" ba ya cin abinci, pregnant mai ciki, injured ya ji rauni, vaccinated an yi masa rigakafi. Ciwon baki da kofato foot and mouth disease. Dabba wajensu it ce, sa ne ko saniya, he da she na mutane ne. "One died on the road", ɗaya ya mutu a hanya. "We slaughtered it", mun yanka shi. Ka bambance biyun nan, don ka san hukuncinsu ba ɗaya ba ne, ko ga likita ko ga mahauci.

Lafazi kuwa, ciwonmu Hausawa p da f ne. Pay muna cewa "fe", fifty muna cewa "pipti". Wajen p leɓɓa biyu ake haɗawa a sake su da iska. Wajen f haƙoran sama ake ɗorawa a leɓen ƙasa. Full cike ne, pull ja ne. In ka ce wa yaran lodi "the lorry is pull" za su gane, su yi dariya, ba komai. Dariya ba ta rage kuɗin sa. Amma four da poor, da five, da fifteen, da fifty, waɗannan a gyara su. In magana ta yi maka sauri: "Please speak slowly", yi a hankali, "Say it again", sake faɗi, "I don't understand", ban gane ba. Kada ka gyaɗa kai kana cewa okay, okay a kan abin da ba ka ji ba, don okay yarda ce.

Ga aikin gida kafin fitowa ta gaba. Ranar kasuwar Gene ko Gogunu, duk dabbar da aka sallama a gabanka ka faɗi kuɗinta a zuci da Ingilishi, da tamma ba da dala ba. Sannan ka mayar da waɗannan huɗu: ina bin ka dubu ɗari uku da sha biyar, ban ga kuɗin ba tukuna, kowane ɗaya ne ko gaba ɗaya, zan dawo ranar Alhamis. Wanda ya rubuta ya ba magatakardan ƙungiya a Malanbil, zan duba in mayar masa. Darasi na gaba a kan yarjejeniya da direban tirela ne, da abin da ake faɗa in mota ta lalace da shanu a ciki.